Ranar da Haruna Mahauci Ya Tuɓe Riga a Zauren Dagaci

Ranaku da yawa na aikin asibiti sun ɓace mini, kamar yadda suke ɓace wa duk wanda ya yi shekara talatin da ɗoriya yana abu guda, amma ban taɓa mantawa da Litinin ɗin da wani mahauci ya shigo mini da ƙuna a hannu ba. Zan kira shi Haruna, ko da yake ba sunansa ke nan ba, domin jikokinsa suna nan da ransu. Garin ma ba zan kama sunansa ba. Ya isa in ce a ƙasar Kiru yake, tafiyar kamar sa'a guda a keke daga Yako, kuma abin ya faru ne a tsakiyar shekarun alif ɗari tara da hamsin, tun ba a yi tunanin dam ɗin Tiga ba.

Domin ku matasan da kuka gaji wannan aiki ku fahimci labarin, sai in fara bayyana yadda tsarin yake. A lokacin ni malamin asibiti ne na En'e, wato hukumar gargajiya, kuma ni kaɗai ke riƙe da asibitin sha-ka-tafi na garin, ɗaki biyu da rumfa. Sama da ni akwai babban malamin asibiti a Kano, sama da shi kuma akwai Likita, Bature, wanda yakan zo rangadi jefi-jefi. Aikina na kullum shi ne miki da zazzaɓi da ciwon ido da kurkunu. A shekarun ne kuma aka kawo mana ƙwayar kuturta, wadda mai ciwo zai sha mako-mako yana zaune a gidansa, ba sai an kai shi zangon kutare ba. Na ware ranar Alhamis domin wannan. Nakan fito da tebur gindin maɗacin da ke gaban asibiti, daidai bakin hanyar kasuwa, in buɗe littafi, in kira suna da babbar murya kamar yadda ake kiran suna a makarantar midil. Mai suna ya amsa, ya matso, ya haɗiye ƙwayarsa a gabana. Ina alfahari da wannan tsari ƙwarai, domin babu wanda ya taɓa yi mini fashi ban sani ba.

Haruna ya zo bayan azahar, layi ya riga ya watse. Kakkauran mutum ne, shekarunsa kamar arba'in, mai tukubar tsire da balangu a bakin kasuwa. Babu ma'aikacin da bai san namansa ba, har da ni. Ya miƙo mini hannun hagu. Gefen tafin, daga ƙaramin yatsa zuwa wuyan hannu, ya ƙone, ya yi bororo, ya fashe. Na wanke, na shafa aidin. Waɗanda suka san aidin na da sun san ko ƙato sai ya cije leɓe. Haruna yana kallon ƙofa, ko gezau.

Na ce, "Yaushe ka ƙone?"

Ya ce, "Ban sani ba, Malam. Ƙauri na ji, na ɗauka nama ne."

Na ce ya tuɓe riga. Ya ce shi hannu ya kawo, ba baya ba. Na ce ai ni ban ambaci baya ba. Sai ya dubi ƙofa. Na tashi na rufe ta.

A ƙasan kafaɗarsa akwai tabo biyu, kowanne faɗin tafin hannu, jaja-jaja, busassu, babu gashi a kansu. Yadda muke gwadawa shi ne, mutum ya rufe ido, mu taɓa fatarsa da ɗan zaren auduga, ya nuna da yatsa inda ya ji. Ko'ina na taɓa a bayansa ya nuna, ban da cikin tabon. Ina neman yadda zan sa masa maganar a baki, sai ya riga ni.

"Kada ka wahalar da kanka, Malam. Na sani. Damina biyu ke nan da sanina."

Wanda ya gaya masa shi ne wanzamin gidansu, zan kira shi Tanko. A garuruwanmu na wancan lokaci kowane gida da wanzaminsa na gado. Shi ke aski, shi ke kaciya, shi ke ƙaho, saboda haka yana ganin abin da maƙwabci ba ya gani. Haruna ya ji nauyin jiki ya kira Tanko ya sa masa ƙaho, a nan Tanko ya ga tabon, ya kuma gane shi. Ya ce da Haruna kada ya kuskura ya je asibiti, domin za a rubuta sunansa a kira shi a bainar jama'a, kuma babu mai cin tsiren kuturu. Ya ba shi jiƙo da wani shafi, ya ce asiri a rufe yake.

Da farko hanta ce da tozo, ranar kasuwa, ba biya. Daga nan cinya. Daga nan ya zama in Tanko ya yi baƙi sai dai ya aika tukuba. In kuwa ya ga Haruna ya fara ɗaure fuska, sai ya zo lokacin da masu saye suka yi yawa, ya tsaya ya ɗaga murya, "Mai tukuba, barka da wuta. Yaya bayan namu?" Mutane su ɗauka gaisuwar wanzami ce ga wanda ya yi wa ƙaho, shi kuwa Haruna ya ƙara tsinke biyar a ƙunshin. Yanzu kuma Tanko ya sa ido a kan fadamar da Haruna ya gada daga mahaifinsa, ta rake da albasa. Ya ce Jumma'a ta sama su je gaban Dagaci, Haruna ya faɗa da bakinsa cewa ya ba shi ita kyauta, ko kuma kasuwa ta ji.

Haruna ya faɗi wannan duka da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Sannan ya ce, "Malam, wuƙa ba ta barin hannuna daga safe zuwa yamma, kuma wuyan Tanko bai kai na bajimi kauri ba. Ni kaina nake tsoro yanzu, ba shi ba."

Amsar da na ba shi ita ce ta littafi, kuma har yau ina jin kunyarta. Na ce ya zo ranar Alhamis in shigar da sunansa ya fara shan ƙwaya.

Ya yi wata 'yar dariya. Ya ce, "Gindin maɗaci? Allah ya ba ka haƙuri, Malam. Shi Tanko ko ba komai nama yake karɓa ya yi shiru. Kai kuwa kyauta za ka yi mini shela."

Na ɗauko ƙwaya na ba shi nan take, na rubuta sunansa, na ce duk Litinin ya zo a matsayin mai wankin ƙuna. Sai na ce masa abin da ke bayansa aikina ne, amma abin da Tanko ya ɗora masa a wuya ba aikina ba ne, sai dai na san mai aikin. Muhutin kotun alƙali, wato mataimakin alƙali mai zama a gefensa yana duba littattafai, abokin karatuna ne. Ta hanyarsa na nemi Alƙali ya gan mu a zauren gidansa, ba a zaman kotu ba. Haruna ya yi gardama, ya ce shi bai taɓa shiga gaban alƙali ba, ubansa ma haka. Na ce ubansa bai taɓa haɗuwa da Tanko irin wannan ba.

Ranar Laraba bayan la'asar muka isa garin Hakimi, inda Alƙali yake zaune. Dattijo ne siriri, mai magana a hankali, wanda ba ya katse mutum. Ya saurari Haruna har ƙarshe, sannan ya tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa jin Tanko yana faɗin dalilin naman da yake karɓa. Haruna ya ce babu.

Alƙali ya ce, "To kyautar nama ba laifi ba ce. Gari duka ya ga kana ba shi tsire, babu wanda ya ji abin da ya riƙe ka da shi. Shari'a kuwa da shaida take tafiya."

Haruna ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a kira shi a tsawata masa a ɓoye mana."

"In na kira shi yau, gobe kasuwa ta ji. Ni hannu nake ɗaurewa, ba na ɗaure baki. Kuma ka bar tunanin fadamar za ta ƙosar da shi. Wanda ya ci hanta ya nemi cinya, ya ci cinya ya nemi fadama, me kake tsammani zai nema bayan fadama? Maganar wuƙa kuwa kada in ƙara jin ta. In ka taɓa shi, kai za a kai kurkukun Kano, ba shi ba, fadamar ma ta rasa mai noma ta."

Alƙali ya ci gaba. Ya ce hajar da Tanko yake sayar wa Haruna ta Haruna ce, ranar da ya faɗi ciwonsa da bakinsa, ranar Tanko ya rasa abin kasawa. Haruna ya ce, "Tukubata fa?" Alƙali ya ce shi ba shi da hukunci a kan tukuba, wataƙila ya rasa ta, kuma ba zai yi masa ƙarya ba don ya ji daɗi. Sai ya juyo gare ni.

"Malamin asibiti, wannan ciwo yana warkewa, ko kuwa lallashi kuke yi?"

Na ce yana warkewa da ƙwaya, amma sai an yi shekaru, kuma abin da ya riga ya mutu a hannu ba lalle ya dawo ba. Ya ce zan iya faɗin haka a gaban jama'a, da takarda? Na ce matsayina bai kai in ba da irin wannan takarda ba, sai Likita. Ya ce to a nemo ta kafin Jumma'ar. Na rubuta wasiƙa na manne, Haruna ya bi mota daga Kwanar Dangora zuwa Kano da sunan sayen kayan yaji, aka duba shi, aka ɗauki ɗan ruwan fatarsa aka auna. Kwana uku ya dawo da takarda mai cewa ciwon nasa irin wanda ba ya saurin yaɗuwa ne, kuma yana kan magani.

Alƙali bai ce a soke zaman gidan Dagaci ba, cewa ya yi a je. Dalilinsa kuwa al'ada ce da kowa ya sani a ƙasarmu. Gona ba ta fita daga hannu zuwa hannu sai a gaban Dagaci da shaidu, kuma Dagaci yakan tambayi mai bayarwa har sau uku ko da yardar ransa ne. Kowane ɓangare yakan zo da babbansa, saboda haka babu wanda zai yi mamakin ganin Sarkin Fawa, shugaban mahauta, da Sarkin Aska, shugaban wanzamai. Muhuti zai zo a matsayin mai gaida Dagaci, ni kuma ma'aikaci ne, ba a hana ni zama a zaure. Alƙali ya gargaɗi Haruna kada ya zagi Tanko, kada ya tuhume shi, ya amsa tambayar Dagaci kawai ya bar shi ya yi magana. Da za mu tafi ya ce masa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bayan an sauko daga Jumma'a muka hallara. Tanko ya zo da sabuwar riga da ƙullin goro na shaida. Dagaci, wanda ba a gaya wa komai ba, ya bayyana abin da ya tara mu, sannan ya dubi Haruna.

"Haruna, fadamar mahaifinka ta bakin rafi, ka ba Tanko kyauta, da yardar ranka?"

Haruna ya sunkuyar da kai. Na ga gumi yana bin wuyansa, na kuma ɗauka a raina cewa ya karaya. Tanko ya yi dariya ya ce, "Kunya ce, ranka ya daɗe. Mahauci sai a gaban bajimi yake da baki."

Dagaci ya maimaita tambayar.

Haruna ya ce, "Ranka ya daɗe, ba da yardata ba."

Tanko ya ajiye goron. Ya ce, "Haruna, ka tuna bayanka."

Dagaci ya ce, "Me ya sami bayansa?"

"Shi ya sani, ranka ya daɗe. Damina biyu ina rufa masa asiri, yau shi ne zai kunyata ni a gaban manya?"

Muhuti, wanda tun da aka zauna yake jan carbi kamar ba ya wurin, ya ce a hankali, "Rufin asirin na don Allah ne, ko da ɗan abin hasafi?"

Tanko ya juya a fusace. "Ɗan tsiren da yake ba ni? Ai abin da na rufe ko fadamar ba ta biya shi ba. In bai bayar ba wallahi yau sai kowa ya ji."

Muhuti ya ce, "To, mun shaida."

A nan ne Haruna ya miƙe a kan gwiwoyinsa, ya cire hula, ya tuɓe riga, ya juya wa Dagaci baya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka gafarta mini rashin ladabi. Ga abin da yake sayar mini. Kuturta ce. Ina shan magani wurin Malam."

Ba zan ƙawata muku abin da ya biyo baya ba. Mutum biyu da ke kusa da shi sun ja jikinsu baya, ɗaya har da janye buzunsa. Na nemi izini na tashi, na karanta takardar Likita, na fassara ta, na dafa kafaɗar Haruna da hannuna yayin da nake bayani, domin na san idonsu a kan hannun yake, ba a kan takardar ba. Dagaci bai yi tambaya ta uku ba. Ya ce fadama tana hannun mai ita, sauran magana kuma ta Alƙali ce.

Sarkin Aska tsoho ne ƙwarai, sai an riƙe shi yake tashi. Ya ce da Tanko, "Kakanka ne ya yi wa kakan wannan kaciya. Gidansu ya tuɓe wa gidanku riga tun kafin a haife ka. Miƙo zabirar." Zabira ita ce jakar fata da wanzami yake zuba askarsa da ƙahonsa, karɓe ta kuwa daidai yake da kore mutum daga sana'ar. Tanko ya fara rantse-rantse yana cewa an haɗa masa tarko, a dubi iyalinsa. Sarkin Fawa ya ce, "Ashe da gaske ne wanzami ba ya son jarfa." Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba.

Amma shi Sarkin Fawan ne ya juya ga Haruna ya faɗi abin da Alƙali ya hango. Ya ce, "Ɗana, ni na yarda da takarda. Sai dai takarda ba ta sayen tsire. In ka koma tukuba, ba kai kaɗai za a ƙaurace wa ba, layin mahauta duka ne. Ƙanenka ya riƙe ta. Kai ka fi mu duka sanin shanu a tsaye, daga yanzu kai za ka riƙa zuwa kara, kasuwar shanu, kana saya mana." Haruna ya ce ya ji. Ya sa rigarsa, ya fita, bai dubi kowa ba.

A kotu shaidu sun yi yawa har an rage. An ɗaure Tanko 'yan watanni, da ya fito kuma bai zauna a garin ba. Alƙali ya tambayi Haruna ko yana neman a biya shi naman da aka ci, ya ce ya yafe, shi dai kada ya ƙara jin muryar mutumin. Ya sha ƙwaya wajen shekara uku kafin Likita ya ba shi takardar sallama. Tabon ya baje. Yatsu biyu na hannun hagu kuwa sun lanƙwashe ba su miƙe ba har ya rasu, kuma Likita ya gaya mini da an fara magani tun daminar farko, da wuya su kai haka. Tukuba bai koma ba. Fadamar tana hannun zuriyarsa.

Ni kuma na rubuta wa babban malamin asibiti doguwar wasiƙa, ina neman izini a sassauta dokar kiran suna, a bar mai ciwo ya zo ranar da ya ga dama ya karɓi ƙwayarsa a cikin ɗaki. Da ya zo rangadi sai ya ciro wasiƙar ya ce, "Malam Yusufu, wace dokar? Umarnin cewa ya yi a tabbata mutum ya haɗiye ƙwaya a gabanka. Gindin maɗaci da ɗaga murya naka ne." Na duba takardar umarnin a gabansa, haka take. Daga makon na shigar da tebur ciki. Kafin shekara ta zagayo mutanen da ban taɓa zaton suna da tabo ba suka fara zuwa, har da wani ladan da matar wani attajiri, waɗanda Allah kaɗai ya san wanda suke ciyarwa don ya yi shiru.

Abin da wannan lamari ya koya mini game da aikinmu shi ne, mu da wanzami abu guda aka ba mu, wato mutum ya tuɓe mana riga. Shi ya sayar da abin da ya gani, ni kuma na shirya asibitina yadda mai jin kunya ba zai iya shigowa ba, sai ya koma wurin mai sayarwa. Ya kuma koya mini cewa wanda aka riƙe da asirinsa ba ya fita shi kaɗai, domin tunaninsa ba ya wuce biyu, ko ya ƙara bayarwa ko ya yi aika-aika. Sai ya kai kansa ga wanda ya san aikin, kowa da fanninsa, mai magani da maganinsa, mai shari'a da shari'arsa, kuma su gaya masa gaskiyar abin da zai rasa tun kafin ya rasa shi. In irin wannan mutum ya zo muku, kada ku tsaya a kan mikin da ya nuna, kada kuma ku ɗauki abin da ba aikinku ba ku ce za ku iya. Ku raka shi ƙofar da ta dace, ku zauna a gefensa.

Bayan shekaru, ana gab da yi mini canjin wurin aiki zuwa Tudun Wada, na haɗu da Haruna a kara yana duba haƙoran wani sa. Na tambaye shi, tsakani da Allah, ko ya taɓa yin da-na-sani a kan abin da muka sa shi ya yi. Ya saki leɓen san, ya goge hannu a riga, ya ce yana kewar tukuba har gobe, kuma akwai gidajen da ba a ƙara ba shi ruwa a kwanon gida ba.

"Amma Malam," in ji shi, "tun daga ranar, in aka yi sallama a ƙofar gidana, tashi nake in fita in ga ko wane ne, ba ɓuya irin ta da."